Amsoshin Tambayoyinku: Yaya zan mayar da darasina na intanet?

Tambaya: Ina koyar da lissafin kuɗi a wata babbar makaranta a Tawa. Wasu ɗalibaina ma'aikata ne da aka tura Abalak da Cintabaradan, ba sa samun zuwa aji. Na tura musu takardun darasi ta WhatsApp, amma da jarrabawa ta zo yawancinsu suka faɗi. Ina kuskuren yake, kuma yaya ake tsara darasin intanet na gaske?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Abin da ka tura musu rabin darasi ne, rabin da ya rage kuwa kai ne. A aji kana ganin wanda ya yamutsa fuska, sai ka maimaita, ka kawo misali da cinikin albasar Galmi, ka yi tambaya. Takarda ba ta ganin fuskar kowa. Aikin tsara darasin nesa duka shi ne neman abin da zai tsaya a madadin idon nan naka.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Tun 1964 Nijar ta fara koyar da yaran firamare ta talabijin. A lokacin, a Yamai ake shirya darussa, malamai da masu zane da masu ɗaukar hoto suna aiki tare, amma kowane aji yana da mutum tsaye wanda zai ɗora daga inda akwatin ya tsaya. Ko a wancan zamani ba a bar yaro da na'ura shi kaɗai ba. Da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, mun manta da wannan, kowa ya dinga jefa takardu a waya yana fatan alheri.

Ka fara daga ƙarshe. Rubuta a layi uku ko huɗu abin da kake so ɗalibi ya iya yi da hannunsa in zango ya ƙare, misali ya ɗauki littafin shige da ficen kuɗin ƙaramin shago ya fitar da riba. Daga nan ka tsara aikin da zai nuna ya iya, sannan ka zaɓi abin da zai karanta. Yawancinmu a baibai muke yi: mu tara babi goma sha biyu, ana gobe jarrabawa mu zauna ƙirƙirar tambayoyi. Ka kuma ƙidaya awoyi. A tsarin digiri na LMD da jami'o'inmu ke bi, har da Jami'ar Djibo Hamani da ke nan Tawa, zango ɗaya kiredi 30 ne, lasisi 180, kuma kowane kiredi lokacin aikin ɗalibi yake aunawa. Mai aikin asibiti ko lakwal da ke da iyali ba shi da awoyin ɗan makarantar da ke kwana kusa da ɗakin lacca.

Yanzu ka sa ɗalibinka na arewa a gabanka. Ba shi da kwamfuta, waya ce mai tsagaggen gilashi. Da la'asar ya kai ta wurin mai caji, bayan isha ya hau tudu inda rezo ke ɗan kamawa, ya tsaya yana ɗaga hannu sama, megan da ya saya na ƙarewa yana kallo. In ka ce kowa ya hallara kai tsaye ta bidiyo ƙarfe huɗu, ka kore shi ke nan tun ba a fara ba. Bidiyon awa guda yana cin ɗaruruwan mega, muryar minti goma kuwa ba ta kai mega biyar ba. Don haka ka yanka darasin mako-mako: murya gajera, shafi uku da ake iya karantawa a waya ba tare da jan rubutu hagu da dama ba, da aiki ɗaya. In makarantarku tana da dandalin koyarwa na Moodle, wanda kyauta ne tun fitowarsa a 2002, manhajarsa ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darasi ya yi aiki ba rezo, ta aika in ya samu. Wa'adin miƙa aiki kuma ka ba shi faɗin kwana biyu ko uku. Mun ga yadda wuta ta yi mana a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke layin lantarki.

Ni a ganina ba laifi ka yi bayanin wuri mai wuya da Hausa a muryar, ka bar rubutun da Faransanci, tunda da shi za a yi jarrabawa.

Sai babban al'amari, malamin rakiya. Ɗalibin nesa ba ya cewa ya bari, shiru kawai yake yi. Dole a sami wanda aikinsa ke nan: ya riƙe rukuni ƙarami, ya amsa tambaya kafin kwana biyu, ya mayar da aiki da gyara a rubuce, wanda ya ɓace mako guda ya kira shi a waya. Ɗaliban masta suna iya yi, amma a biya su. Rakiyar "don Allah" ba ta wuce wata ɗaya. Jami'ar intanet ta Senegal, wadda aka kafa a 2013, ta haɗa malaman rakiya da cibiyoyi a garuruwa inda ɗalibi zai sami wuta da rezo da abokan karatu. Jami'ar NOUN ta Najeriya ma da cibiyoyin karatu take tafiya. Ku ba sai kun yi gini ba, ɗaki ɗaya mai sola a wata sakandaren Abalak ya isa a fara.

Kada ka ɗauki aikin kai kaɗai. Nemi mai kula da kwamfutocin makarantarku da abokin aiki daga fannin ilimin koyarwa su duba mako biyu na farko, ka gwada su a kan ɗalibai biyar kafin ka rubuta sauran. Jarrabawar ƙarshe kuwa a zo Tawa a yi ta ido da ido, ka sanar da ranar tun farkon zango don mai zuwa daga Tasara ya nemi izini ya tanadi kuɗin mota.