Gyaran tsohon rumbu kafin saukar damina

Rumbun da ya daɗe a yashe ba lallai sai an rushe shi ba. Gyaransa aikin rani ne, daga Fabrairu zuwa Afrilu, don laka ta samu ranar shanya.

Fara duba gindi. Idan duwatsun da ya hau kai sun nutse, ko gara ta ci itacen, nan aikin yake. Yaɓen sama ba zai tsinana komai ba. Share ciki tas, ka turara hayaƙi don ƙwari, ka toshe ramukan ɓera.

Tsaga kuwa, kankare ta ka yayyafa ruwa kafin ka cike, in ba haka ba sabuwar laka ba za ta kama tsohuwa ba. Kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa da kashin shanu, ka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Bayan yaɓe ya bushe, a shafe shi da ruwan makuba, wato jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa. Siminti dai a bar shi: yakan ɓamɓare daga jikin laka, ya kuma ɓoye danshi.

Jinka ta samu sabon shuci, bakinta ya zarce bango sosai, kada ruwan sama ya riƙa dukan yaɓen.