Darasi na Goma Sha Huɗu: Bayan Fitowa daga Gidan Yari

Hausawa suna kiran kurkuku da sunaye da dama. Akwai gidan yari, domin Yari shi ne mai kula da kurkukun sarki tun zamanin da. Akwai gidan kaso, akwai kuma gidan maza. A shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yarin Nijeriya, daga nan gidajen rediyo suka koma cewa gidan gyaran hali. A irin waɗannan gidaje, kamar na Goron Dutse a Kano, akan koya wa fursunoni ɗinki da aikin kafinta.

Sai dai ko hali ya gyaru ko bai gyaru ba, iyali ne ke yanke wannan hukunci. Mutumin da ya gama wa'adinsa ba ya tarar da gida yadda ya bar shi. Wataƙila matarsa ta kai ƙara gaban alƙali saboda rashin ci da sha, an raba auren. 'Ya'yansa sun sha gori a makaranta. Ƙanwarsa ma ta rasa manemi, domin akan binciki gida kafin a nemi aure a cikinsa.

Ba ya tunkarar mahaifinsa shi kaɗai. Yakan roƙi baffansa ko limamin unguwa ya shige masa gaba. Ya durƙusa ya ce, "Baba, na tuba, a yafe mini." Uba kan amsa, "Na yafe maka duniya da lahira." To, amma yafewa daban, yarda daban. Idan ya shiga ɗaki, mahaifiyarsa takan tura jakarta ƙarƙashin matashi. Idan wani abu ya ɓata a gidan, ba mai ambatar sunansa, amma kowa shi yake kallo.

Yarda takan dawo ne ta ƙananan abubuwa. A ba shi kuɗin cefane, ya kawo canji cif. A riƙa ganinsa a sahun Asuba. Bayan watanni yayansa ya ranta masa keken ɗinki. Wani yakan jure wannan jarrabawa. Wani kuwa tsofaffin abokansa kaɗai ke sakar masa fuska, sai ya koma wurinsu.

Tambayoyi

1. Daga ina sunan gidan yari ya samo asali?
2. Me ya sa ake neman baffa ko liman ya shiga gaba?
3. Yi amfani da "sha gori" da "sakar fuska" a cikin jimloli.