Allurar Ƙeya da Ciwon Ɓarin Kai: Abin da Na Binciko wa Yayata

Yayata da ke aure a Safana ta yi shekaru tana fama da ciwon ɓarin kai. Kafin ya sauko mata, sai ta ga wani haske mai kama da haƙoran zarto yana walƙiya a gefen ido, wani lokaci har rabin fuskar wanda take kallo ya ɓace mata. Bayan kamar minti 20 hasken ya wuce, sai kai ya ɗauka, ga amai. A gidanmu na Batsari an ce iska ce. An yi tofi, an yi hayaƙi, wanzami ma ya kafa mata ƙaho.

Hutun da ya wuce ta ce min, "Kai ɗan boko, an ce akwai allurar da ake yi a ƙeya ta kashe ciwon nan. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce zai iya." Dalilin da ya sa na zauna na yi karatu ke nan.

Shi hasken nan ba daga ido yake ba, daga ƙwaƙwalwa yake. A 1944 wani masani ɗan Barazil, Aristides Leão, ya gano cewa wani motsin lantarki kan ratsa saman ƙwaƙwalwa a hankali, kamar milimita 3 a minti, yana barin wurin da ya bi a kasalance na ɗan lokaci. In ya bi ta sashen gani, sai mutum ya ga walƙiya. Yawanci minti 5 zuwa 60 yake yi, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon ne ke ganinsa.

Allurar kuwa gaskiya ce, akwai ta. Likita kan zuba lidoken, irin maganin da ake kashe dasashi da shi wajen cire haƙori, kusa da babbar jijiyar ƙeya. Jijiyar tana haɗuwa da mai ɗaukar zafin fuska da goshi a saman lakar wuya, don haka in an kwantar da ɗaya sai ɗayar ta lafa. Fatar kai takan mutu na 'yan awoyi, amma wasu kan sami sauƙi na makonni.

To amma fa ga inda gizo ke saƙa. An fi samun hujjar amfaninta a kan zafin kai, ga wanda ciwon ya zame masa kusan kullum. A kan hasken kansa, rahotannin marasa lafiya ɗaiɗai ne kawai. Kuma jijiyar jini tana nan manne da wurin. Maganin ya shiga jini da yawa, ana iya suma ko jijjiga. Wallahi ba aikin kemis ba ne, ko da kuwa mu mutanenmu mun fi yarda da allura a kan ƙwaya.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma daban ne. Mace mai ganin hasken nan, in tana shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, haɗarin shanyewar ɓarin jiki na ƙaruwa gare ta. Yaya tana sha, ba wanda ya taɓa tambayarta. Sannan shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana haifar da ciwon kai. Mai juna biyu kuma da ta ga walƙiya tare da ciwon kai, a auna jininta a ranar. Haka in hasken ya wuce awa ɗaya, ko hannu ya mutu, ko baki ya karkace, asibiti kai tsaye.

Na saya mata littafi mai shafi 40 tana rubuta ranar da ciwon ya zo da abin da ya gabace shi. Ya zuwa yanzu, yawancinsu washegarin daren da aka kwana a firgice ne saboda jita-jitar 'yan bindiga daga dajin Rugu. Ta je asibiti an canza mata maganin tazarar. Da na gama jarrabawa zan raka ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da littafin a hannu, likita ya faɗa mana ko ta kai ga allurar.