Baron Hirsch da Ƙauyukan Yahudawa a Ajantina

Gabatarwa

Wannan ɗan nazari zai dubi yunƙurin da wani attajiri Bayahude, Baron Maurice de Hirsch, ya yi na sama wa 'yan uwansa matsuguni a ƙarshen ƙarni na 19. Za mu ga abin da dukiya ta iya yi da kuma inda ta gaza.

Mafarin Lamarin

A shekarar 1881 aka kashe Sarkin Rasha, Alexander na Biyu. Bayan haka sai aka yi ta kai wa Yahudawan ƙasar hari, ana kisa, ana wawashe dukiya. A 1882 kuma gwamnati ta kafa dokokin da suka hana su sayen gonaki da sabon zama a karkara.

Shi kuwa Hirsch an haife shi a birnin Munich na Jamus a 1831, ya kuma yi arziki a harkar banki da shimfiɗa layin dogo a daular Turkawa. A ganinsa, sadaka ba ta fitar da mutum daga talauci, sana'a ce ke fitar da shi. Saboda haka a 1891 ya kafa ƙungiyar Jewish Colonization Association da jarin fam miliyan 2, don ta kwashe waɗanda ake tsanantawa, ta mai da su manoma.

Zama a Ajantina

Ƙungiyar ta sayi filaye a ƙasar Ajantina, a lardunan Santa Fe da Entre Ríos da Buenos Aires. Ta kuma ɗauki nauyin ƙauyen Moisés Ville, wanda wasu baƙi daga Rasha suka kafa tun 1889. Akan ba iyali gona da dabbobi da kayan noma a matsayin bashi, su riƙa biya sannu a hankali.

Sai dai yawancin baƙin 'yan tireda ne da masu sana'ar hannu, ba su saba da garma ba. Ga fari, ga ɓarnar fāra, ga saɓani da jami'an ƙungiyar. Hirsch ya yi burin kwashe miliyoyin mutane, amma lokacin da ya rasu a 1896 'yan dubbai ne suka zauna a gonakin. Akasarin masu barin Rasha Amurka suka nufa. Daga baya 'ya'yan manoman suka riƙa komawa birane neman ilmi da aiki.

Kammalawa

Duk da haka aikin bai tafi a banza ba. A 1936 ƙungiyar ta buɗe ƙauyen Avigdor domin Yahudawan da suka tsere daga mulkin Hitler. Kuɗi sun sayi ƙasa, sun ceci rayuka, amma ba su iya ɗaure zuriya a gona ba.

Abin Lura ga Ɗalibai

Ƙaura ita ce sauya wurin zama, ko da son rai ne. Gudun hijira kuwa tilas ce ke kawo shi. Haka nan mafaka ta ɗan lokaci ce, matsuguni kuma na zama ne. A gwada sa kowace kalma cikin jimla.