Uba Ya Shafa Man Ƙwanji, 'Yar Shekara Uku Ta Kwashi Cutar

Sai da na nemi izinin masu abin kafin na rubuta wannan. Ba zan faɗi suna ba, ba zan faɗi ƙauye ba. A nan ƙasar Gezawa abin ya faru, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci.

Ƙarshen bazara ne. Wata dattijuwa ta shigo shagon maganin da nake aiki da jikarta a goye. Ta tsaya gefe sai da mutane suka watse, sannan ta matso ta rage murya.

"Ɗan nan, man ƙuraje za ka ba ni na yarinyar nan. In kuma da abin da yake kashe gashi, ka haɗa mini."

Na ce, "Iya, gashi a ina?"

Ta kwance goyon, ta ɗaga hannun yarinyar. Baƙin gashi ne a hammatar 'yar shekara uku. Ta ce haka yake a mararta ma. Ga ƙuraje a goshi irin na samari, ga warin gumi na babban mutum. An sha rubutu, an yi hayaƙi, har an fara zargin wata maƙwabciya da ba ta ji ba ba ta gani ba.

Na hana ta man. Na rubuta mata takarda zuwa wurin likitan yara a Kano, domin abin da ya fara zo mini shi ne ƙari a adirinal, ko irin matsalar adirinal ɗin da ake haihuwar yaro da ita. Tumaki biyu suka sayar kafin a gama gwaje-gwaje. Hoton ciki bai nuna ƙari ba. Amma testosteron ɗin da ke jininta ya wuce na sa'o'inta nesa ba kusa ba, hoton ƙashin hannu kuma ya nuna ƙashinta ya girmi shekarunta. Likitan ya tambayi uwar ko akwai mai shafa wani magani a gidan, ta ce babu. Ba ƙarya ta yi ba. A wurinta abin da mijinta yake shafawa mai ne kawai, irin wanda kowa yake shafawa bayan wanka.

Bayan kamar mako biyu uban ya zo yi mini godiya. Saurayi ne bai kai talatin ba, manomi, da rani yana ɗan acaɓa. Har ya juya zai fita sai ya ce in ba shi Sustanon, allurar testosteron, babu takardar likita, babu komai. Sai a lokacin na dube shi da kyau: jar nankarwa ta tsattsaga damtsensa har cikin hammata, nono ya taso ta ƙarƙashin singileti.

Na ce, "Ƙanena, wa yake yi maka allurar?"

Ya ce, "Yaya, ni tsoron allura nake ji. Haɗi muke yi."

Washegari ya kawo mini robar. Man kaɗanya ne aka fasa kwalaben allurar a ciki, aka matse mayukan kilobetasol, irin waɗanda masu bilicin suke saye, aka cakuɗa da tsinke. Wani abokinsu ne a wurin da suke ɗaga ƙarfen siminti ya gani a TikTok. Wani mai kemis kuma ya ce musu su ƙara kilobetasol ɗin, wai ai shi ma sitiroyid ne. Kullum bayan wankan yamma yana mulke ƙirji da damatsa, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ba riga saboda zafi, yarinyar ta hau ƙirjinsa ta yi wasa har barci ya kwashe ta. Wata bakwai ana haka.

Da na gaya masa abin da nake zato, ya zauna a kan benci ya dafe kai yana ta salati. Da ƙyar ya ce, "Yaya, ashe ni ne."

Abin da ka shafa a fata yana shiga jini. Bai tsaya a jikinka kai kaɗai ba, duk wanda ya jingina da kai ya samu rabonsa. Haɗin da aka juya da tsinke a roba ba shi da ma'auni, wanda ya haɗa ma bai san nawa yake shafawa ba.

Ko man testosteron na kamfani, wanda aka auna aka gwada, sai da ya yi wannan ɓarnar. A shekarar 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta tilasta wa masu yin AndroGel da Testim buga gargaɗi mafi tsanani a jikin kwali, bayan rahotannin yara 'yan wata 9 zuwa shekara 5 da suka fara nuna alamun balaga saboda taɓa jikin manyan da suka shafa. Shi ya sa ake cewa mai shafawa ya wanke hannu da sabulu, ya rufe wurin da riga, ya wanke fatar kafin wani ya taɓa ta. Wannan fa na kamfani ke nan, da likita a tsaye. To ina ga na roba?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mai kemis ɗin nan. Mutum bai san bambancin kilobetasol da testosteron ba, amma yana tsaye bayan kanta ana ce masa likita yana amsawa. Kilobetasol da betametason da dekisametason ba sa gina tsoka, cinye ta suke yi. Fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta yi sakayau ta tsattsage, suga ya hau, jini ya hau. Irinsu ne cikin ƙwayoyin "sha ka fashe" da suka gama da 'yan matanmu, yanzu an juyo da su kan samari da sunan ƙwanji. Garin neman ƙiba an samo rama. A Fabrairun 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. A 2024 aka tashi 'yan magani daga Sabon Garin Kano zuwa Dangwauro don a tsaftace harkar. Duk da haka yaro zai shiga kemis a ƙauye da kuɗinsa ya fito da allurar homon kamar ya sayi ashana. Ku ji tsoron Allah. Maganin da ba ka san aikinsa ba, kada ka sayar, balle ka ba da shawarar a haɗa shi da wani.

Samari, ku saurare ni. Idan testosteron ya shigo daga waje, jiki yana daina yin nasa. Maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su yi ƙasa, wani su ɗauke gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta gwada allurar testosteron a matsayin maganin hana haihuwa na maza, sakamakon ya fito a 1990, kuma ya nuna tana aiki. Kai kana shafawa don a ce kai namiji ne, abin yana kashe maka zuriya. Gobe in haihuwa ta tsaya, matarka za a ɗora wa laifi, ita za a yi ta ɗura wa jiƙe-jiƙe. Nonon da ya taso kuma, in ya daɗe, sai aikin tiyata. Jini yana yin kauri. Matar da take kwana da kai za ta iya fitar da gashin haɓa, muryarta ta buɗe, kuma murya in ta buɗe ba kasafai take komawa ba.

Kuma na sake faɗa: kada ka ɗauki yaro a jikin da ka shafa wa wannan abu. Tawul ɗinka, zanin gadonka, singiletinka, duk suna ɗauke da shi. Kada ka ɗauki yaro.

Wanda ya daɗe yana mulka haɗi mai kilobetasol a jiki, kada ya yanke dare ɗaya ya zauna a gida. Ya je asibiti da robar a hannu, likita ya san yadda zai sauke shi. Wasu in an tambaye su sai su rantse ba sa amfani da komai, a yi ta kashe kuɗi a gwaji ana neman cutar da take cikin aljihunsu. Wannan ɓoyon yana ba ni haushi ƙwarai. Da an san gaskiya tun farko, da ba a sayar da tumakin nan biyu ba.

Iyaye mata, in kun ga gashi ko ƙuraje ko warin manya a jikin ƙaramin yaro, kafin ku zargi maƙwabciya ku duba abin da ake shafawa a gidan, ku kwashe shi duka ku kai wa likita tare da yaron.

An zubar da robar. Bayan 'yan watanni ƙurajen yarinyar suka baje, warin ya tafi, jininta ya koma daidai. Ƙashin da ya riga ya yi gaba ba ya dawowa baya, likita yana bibiyar tsawonta, domin irin wannan yana iya sa yaro ya tsaya gajere. Uban yana nan yana ɗaga ƙarfensa, yana cin wakensa da gyaɗa da fura da nono, kuma shi ya ce in rubuta don abokansa su ji.

Duk wanda yake da irin wannan robar a ɗakinsa, don Allah ya fitar da ita yau, kafin yaransa su hau jikinsa da daddare.