Darasin Wannan Wata: Lissafin Allura Guda da Gwaji Biyu

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiya mun saba da lissafi. Kafin mu sayi taki ko maganin iri, mukan tambaya nawa za mu kashe, me kuma za mu samu. Darasinmu na yau lissafi ne irin wannan, amma a kan cutar da ke kashe mata da yawa, watau sankarar bakin mahaifa, wadda waɗansu ke kira ciwon dajin bakin mahaifa.

Yadda cutar take

Kusan dukan sankarar bakin mahaifa daga wata ƙwayar cuta take fitowa, sunanta HPV. Ana ɗaukarta ta wurin saduwar namiji da mace. Yawancin manya sukan ɗauke ta ba su sani ba, jiki kuma yakan kawar da ita da kansa. Saboda haka kada a zargi macen da ta kamu, gama mai yiwuwa ne wurin mijinta ta samu, shi ma bai sani ba. Amma a jikin waɗansu mata ƙwayar takan zauna, tana ɓata bakin mahaifa a hankali, har bayan shekara 15 zuwa 20 abin ya zama sankara. Ga mace mai ƙanjamau ya fi haka sauri.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya cewa a 2022 mata wajen 660,000 suka kamu, wajen 350,000 suka mutu. Cikin kowace 100 da suka mutu, 94 a ƙasashe matalauta ne da masu matsakaicin ƙarfi. A Nijeriya, a 2020, wajen 12,000 suka kamu, wajen 8,000 suka mutu, watau kamar mata 22 kowace rana. Ƙasar da kuɗinta kaɗan ne dole ta zaɓi inda za ta sa shi. Bari mu duba hanyoyi uku.

Hanya ta fari: allurar rigakafi

Ana yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, tun ba su gamu da ƙwayar ba. Tana tsare su daga iri biyu na HPV waɗanda ke kawo wajen kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. A ƙasashe masu arziki allura guda ta kan wuce dala 100. A 2013 ƙungiyar Gavi ta samo wa ƙasashe matalauta ita a kan dala 4.50. Dā sau uku ake yi, aka koma sau biyu, a 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa ga yawancin 'yan mata. A bisa wancan farashi, maganin 'yan mata 100 dala 450 ke nan, ban da kuɗin kai shi ƙauye.

Ruwanda ta fara a 2011, ta kuwa yi wa fiye da kashi 90 cikin 100 na 'yan matan da ta nufa. Nijeriya ta sa allurar cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoba 2023, kyauta, ta kai sauran jihohi a watan Mayu 2024.

Hanya ta biyu: gwaji

Allura ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu. Iyaye mata gwaji suke bukata. Gwaji mafi araha shi ne ma'aikaciyar lafiya ta shafa ruwan khal a bakin mahaifa. Wurin da ya soma lalacewa yakan yi fari, sai a kashe shi da ƙaramar na'ura mai zafi ko mai sanyi, sau da yawa a ranar. Wannan aikin asibiti ne, ba na gida ba. A gundumar Dindigul ta ƙasar Indiya, binciken da aka buga a 2007 ya nuna wannan gwaji ya rage mutuwa da kashi 35 cikin 100. Akwai kuma gwajin neman ƙwayar HPV kanta, wanda ya fi tsada amma ya fi gano cutar. A gundumar Osmanabad ta Indiya, a 2009, an ga yin sa sau ɗaya tak ya rage mutuwa da kusan rabi. Burin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa a 2020 shi ne a gwada mace kafin ta wuce shekara 35, a sake kafin ta wuce 45.

Hanya ta uku: jinya bayan cuta ta yi nisa

A nan sai tiyata, da injin gashi, da magunguna masu tsada. Injin gashi ba a samunsa sai a manyan asibitoci ƙalilan a birane. Akwai kuɗin mota, da abinci, da masauki, da mai jinya wanda ya bar gonarsa makonni. Gida yakan sayar da shanun huɗa, rumbu ya ƙare, sau da yawa kuma ba a tsira da ran ba. Kowa ya san ƙuduji: wanda ya cire shi kafin ya yi fure ya ɓata yini guda, wanda ya bar shi ya zubar da iri ya ɓata gonarsa shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta cewa kowace dala 1 da aka sa a yaƙi da wannan cuta za ta komo da wajen dala 3.20, domin matan za su rayu su ci gaba da aiki.

Abin da ya rage gare mu

1. Sakatare ya tambayi asibitin da ke kusa ranar allura da inda ake gwaji, ya sanar a taro.
2. Mu kai 'ya'yanmu mata, har da waɗanda ba sa makaranta. Mun ji ana cewa allurar tana hana haihuwa. Tun 2006 ake yin ta, an yi wa miliyoyin 'yan mata, bincike bai nuna haka ba. Sankarar ce ke raba mace da mahaifarta.
3. Ƙungiya ta ware kuɗin mota daga asusu, mata su tafi gwaji tare bayan girbi.
4. Macen da ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ko bayan saduwa, ko bayan ta daina al'ada, ko ruwa mai wari, kada ta jira girbi. Maigida ya raka ta asibiti a makon nan.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. 'Yan mata nawa masu shekara 9 zuwa 14 ke gidajen 'yan ƙungiyarmu? Nawa aka yi wa allura?
2. Nawa ne kuɗin motar mace guda zuwa wurin gwaji da komowa? Mudu nawa na dawa ke nan?
3. Me ke hana mace faɗa wa mijinta irin wannan damuwa, yaya kuma maza za su sauƙaƙa mata?