Dattijon da ke miƙa hannu ga kofin guba

Wasiƙarmu ta farko yau daga Damagaram ta fito, daga wani ɗalibi da ya ga hoton wani zane a wayar abokinsa: dattijo zaune a bakin gado, yatsa a sama, mutane kewaye da shi suna kuka. Ya ce an gaya masa Sokratis ne, mutumin da ya ce bai san komai ba. Tambayarsa ita ce, in bai san komai ba, me yake koyarwa har da ɗaga yatsa?

To ɗan'uwa, ka yi tambaya mai kyau. Wannan zane na wani Bafaranshe ne, Jak Luwi Dabid, ya yi shi a 1787, yanzu kuma yana gidan adana kayan fasaha na Metropolitan da ke birnin Niyok a Amurka. Ya nuna ranar ƙarshe ta Sokratis a kurkukun Atina, ƙasar Girka, shekara 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An yanke masa hukuncin shan guba yana da shekara kusan 70, bisa zargin raina allolin gari da lalata tarbiyyar matasa.

Amma batun "ban san komai ba" mutane ne suka gajarta shi har ya karkace. Yadda almajirinsa Aflaton ya ruwaito, wani abokin Sokratis ne ya je wurin bokanyar Delfi, ta ce babu wanda ya fi Sokratis hikima. Abin ya ɗaure masa kai, sai ya shiga gari yana yi wa 'yan siyasa da mawaƙa da masu sana'a tambayoyi. Masu sana'ar nan, ya tarar sun san aikin hannunsu sarai, sai dai ƙwarewar ta sa suna ganin sun san komai da komai. Nan ya gane abin da ya fi su da shi: abin da bai sani ba, ba ya cewa ya sani.

Yanzu sake duba hoton. Mai miƙa kofin ya kau da kai, ya rufe fuska. Kirito, wani almajirin Sokratis, ya dafa gwiwar malaminsa. Shi kuwa dattijon ko kallon kofin bai yi ba, hannunsa kawai ya miƙa. A gaban alƙalai ya faɗa cewa jin tsoron mutuwa ma wani nau'i ne na riya sani, domin mai tsoron ya riga ya yanke cewa sharri ce. Ni a ganina wannan natsuwar ce Dabid ya kama, kuma ita ce ta fi taɓa ni. Tsohon nan da ya sunkuyar da kai a ƙarshen gado kuwa Aflaton ne, duk da cewa rashin lafiya ya hana shi zuwa ranar, kuma a lokacin bai kai shekara 30 ba.

Mu ma ba baƙin wannan ɗabi'a ba ne. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 da "ban sani ba". Haka ma malamanmu ke rufe fatawa da "Allahu a'alamu".